Shekarar da Mastura Ta Yi a Bakin Tafkin Iznik

A unguwar Mahjar, kudancin Jidda, in mace ta haihu a cikin Hausawa, kafin a aika wa dangin miji sai an aika wa Mastura. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa cibiya, kuma ita ke faɗin ranar da mai jego za ta miƙe ta kama aikin gida. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta cika dariya ba, amma hannunta na da sanyi. Ita kanta Allah bai ba ta haihuwa ba. Aurenta ɗaya, da wani Ubale mai dako a mina, wato tashar jiragen ruwa. Sun zauna 'yan shekaru ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ta koma ɗakin uwarta, ba ta sake aure ba.

Uwar, Inna Barakatu, ba haihuwar Jidda ba ce. A Mai Wurno aka haife ta, a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan. Tana amarya ta biyo mijinta Bawa aikin hajji, da niyyar su sauke farali su koma. Guzuri ya ƙare, Bawa ya kama sayar da ruwa a garwa, aka haifi Mastura, aka haifi ƙanenta Abdulghaffar, har Bawa ya rasu komawa ba ta yiwu ba. Barakatu ta riƙe kanta da suyar gyaɗa a yashi, tana sayarwa a ƙofar gida. Kowace shekara in alhazai suka fara hawa jiragen komawa, sai ta tsaya da ludayin suya a hannu ta ce, "Bana dai na gama zaman garin nan. Baɗi war haka ina wurin Turai." Turai ƙanwarta ce da ta baro tana yarinya. 'Ya'yan sun sha jin maganar har sun daina amsawa.

Tun tana budurwa Mastura ke aiki a gidan wani attajiri mai sayar da yadi a Ammariyya. Ita ta goyi autar gidan, Zakiya, wadda ke kiranta Dada kamar yadda 'ya'yan Jidda ke kiran mai renonsu, har ta tsinci Hausa a bakinta. Da Zakiya ta girma sai ta auri wani likita Baturke mai suna Othman, wanda ya zo aiki asibitin alhazai, ya tafi da ita garinsu. A shekarar 1969 ta samu ciki na fari. Uwarta ta riga ta rasu, don haka ta aiko wa ubanta cewa ba ta son hannun kowa a jegonta sai na Dada. Attajirin shi ne kafilin Mastura, wato mai tsaya mata a wurin hukuma, shi ya yi mata takardun tafiya.

Ranar da za ta tashi ta durƙusa kusa da murhun uwarta.

"Arba'in kawai zan yi, Inna. Da an yi wankan ƙarshe na juyo."

"Garin da nisa?"

"An ce ya wuce Sham."

Barakatu ta juya gyaɗarta, ba ta ɗago ba. "To ki je. 'Yar mutane ce, ba ta da uwa. Amma ki dawo kafin alhazai, bana ina da tafiya."

"Inshallah," in ji Mastura, hankalinta na kan jirgin saman da ba ta taɓa shiga ba.

Jirgi ya sauke ta a Santambul, Othman ya tarye ta, suka ƙetare ruwa, suka hau mota ta bi da su cikin tsaunuka. Da la'asar motar ta gangaro, sai ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido, da wani ƙaramin gari a gefensa, kewaye da tsohuwar ganuwa ta dutse. Sunan garin Iznik. Mastura ta ɗauka teku ne irin na Jidda. Washegari da ta je bakinsa ta ga mata na wanke kwanuka, shanu kuma na sha, sai ta tsugunna ta ɗiba da tafin hannu ta kai baki. Ruwan daɗi ne. Ta daɗe a tsugunne. Ita da ta tashi a gidan da ake auna ruwan alwala da moɗa, ubanta kuma ya ƙare rayuwarsa sandar garwa na cin kafaɗarsa, ga ruwan sha ya cika tsakanin duwatsu, ba mai tsaronsa.

Zakiya ta haifi ɗa namiji lafiya. Mastura ta yi aikinta yadda ta saba, ta sa aka nemo mata babbar tukunya, ta dama kunu da abin da ta taho da shi daga gida. Surukar Zakiya, wata gajeriyar tsohuwa mai jan kumatu, da farko ta tsorata da zafin ruwan wankan, amma da ta ga amarya na murmurewa sai ta koma ita ke hura wuta. Ba su jin harshen juna. Da hannu suke magana, da bisimilla da alhamdulillahi, kuma hakan ya ishe su.

Abin da Mastura ba ta zata ba shi ne yadda garin ya karɓe ta. Kwanakin farko yara na bin ta a baya, don ba su taɓa ganin baƙar mace ba. Da labari ya bazu cewa daga ƙofar Makka ta fito, kuma ta yi hajji ba adadi, sai abin ya juya. Tsofaffi na kama hannunta su sumbata su kai goshi. Mai burodi ya ƙi karɓar komai a hannunta. A gida kuwa tare ake zama cin abinci da ita, akwai kuma yarinyar da ke wanki da shara. A Jidda ita takruniyya ce, wato baƙar fata 'yar asalin Afirka, mai shiga ta ƙofar baya. A nan in ta shiga ɗaki mata miƙewa suke yi.

Lokacin zafi ne, amma zafin da ba ya hana barci. Baƙi na zuwa daga Santambul da Bursa, har da Turawa masu gajerun wanduna da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Suna zaga ganuwa, suna shiga ta manyan ƙofofinta da aka ce sun girmi Musulunci, suna tsayawa gaban wani masallaci mai hasumiya da aka lulluɓe da tangaram kore da shuɗi, mai ƙyalli in rana ta doke shi. Da yamma kowa ya gangara bakin tafki, inda ake jera kujeru ƙarƙashin itatuwa, ana shan shayi a ƙananan kofunan gilashi ana cin soyayyar tarwaɗa. Mastura kan goya jaririn a baya irin na gida, ita da tsohuwar su bi sahu. A can ma cikin ruwa rana ke faɗuwa kamar a Jidda, sai dai ba warin kifi da man jirgi, kuma ba mai jiranta da aiki.

Da arba'in ta cika ta fara ɗaure kaya. Tsohuwar ta shigo ta gani, ta kama hannunta ta ja ta bayan gida, ta nuna mata rumfar inabi da 'ya'yansa ba su gama nuna ba, ta girgiza kai. Zakiya ta fassara tana dariya.

"Ta ce wai ba a barin Iznik ba a ci inabinsa ba, Dada. Ki ƙara kaɗan mana. Ni ma ban gama warwarewa ba."

Mastura ta kwance kayan. Ba a sha wahalar shawo kanta ba.

Inabi ya nuna, ɓaure ya nuna, aka yi ta dafa su ana cika tuluna. Baƙin da ke zuwa lokacin zafi suka ragu, ganyayen itatuwa suka koma ja da rawaya, abin da ba ta taɓa gani ba. A wannan tsakanin ne Saleh, yayan Zakiya, ya zo sarin yadi Bursa, ya biyo ya ga ɗan ƙanwarsa. Bayan an ci abinci ya sami Mastura a tsakar gida.

"Dada, na biya ta Mahjar kafin in taso. Hajja Barakatu na gaishe ki. Ta ce in gaya miki ɗan Turai zai zo hajji bana, kuma tare za su koma Sudan."

Mastura ta yi murmushi. "Tun kana cikin zanen goyo take faɗin haka."

"Wannan karon ban ga murhu a ƙofar gida ba. Abdulghaffar ya ce ta ba maƙwabciya kaskon suyar. Jibi zan koma. In kina so, yalla, mu tafi tare."

Maganar kaskon ta tsaya mata a rai. Amma hajji da saura, kuma gari duka na shirin kaɗe zaitun, tsohuwar ma ta riga ta ɗinka mata wandon aiki irin na matan ƙauye. Ta ce wa Saleh, "Ka ce mata ina nan tafe bayan zaitun. Halas, shi ke nan, da an gama zan taho."

Kaɗe zaitun ya zo tare da azumi. Rana gajera, iska mai sanyi, ba ƙishirwa. Da sassafe ake fita gonaki a keken doki, maza na kaɗa rassa da dogayen sanduna, mata na tsince abin da ya zubo suna waƙa. Ba wanda ya sa Mastura aiki, ita ta sa kanta, kuma ta fi kowa cika kwando. In an sha ruwa a zauna a kewaye murhun ƙarfe, ana gasa wani ɗan itace mai ɗanɗanon gujiya. Ta fara kama kalmomin Turkanci, mata na dariyar yadda take faɗinsu, ita ma tana taya su. Zakiya ta ce tun da take ba ta taɓa jin Dada na dariya da ƙarfi ba sai a garin nan.

Bayan ƙaramar sallah sanyi ya sauka sosai. Wata safiya ta buɗe taga ta ga gari ya yi fari fat, ganuwa da rufin gidaje da jiragen masunta da aka kife a bakin ruwa. Ta fita ba takalmin kirki, ta dumbuzi dusar ƙanƙarar ta riƙe har yatsunta suka mutu. Tafkin ya yi duhu, ya yi tsit, agwagin daji sun cika shi. Ta so a ce Inna na nan ta gani. Tunanin bai wuce nan ba.

Ana cikin haka aka fara shirin hajji. A shekarar surukar Zakiya ta yi niyya, za ta bi motocin alhazai da ke ratsa Sham su gangara Madina. Ta zo da murnarta ta nuna wa Mastura cewa akwai kujera kusa da tata, su tafi tare, ita ta zama idonta a ƙasa mai tsarki. Othman ma ya ce hakan ya yi daidai. Zakiya kuwa, da suka keɓe ta ce, "Dada, ba zan riƙe ki ba. In don Hajja Barakatu ce, ki tafi."

Yaron ya yi ɗan zazzaɓin haƙori a makon, amma ya riga ya warke. Mastura ta ce ba za ta bar shi cikin wannan sanyi ba. Ta ce tafiyar mota mai tsawo za ta karya ta. Ta ce Inna ba inda za ta, ko ɗan Turai ya zo, in ta ga jirgi za ta fasa. Duk ta faɗa, kuma a lokacin ta kusa yarda da su. Gaskiyar ita ce tun kaka matan garin ke ba ta labarin abin da ke zuwa bayan sanyi. Sun ce gonaki kan yi fure gaba ɗaya har ƙasa ta ɓace, manyan fararen tsuntsaye kuma su dawo su yi sheƙa a kan hasumiyoyi. Ta ga uku daga cikin lokutan garin, ranta na son na huɗun, kuma ta san in ta tafi ba za ta sake zuwa ba. Motocin alhazai suka tashi, ta raka tsohuwar har ƙofar gari, ta ɗaga mata hannu.

Furen ya zo yadda aka faɗa, har ya fi. Daga ganuwa zuwa gindin tsauni fari ne da ja-ja, ƙamshi har cikin ɗaki. Tsuntsayen suka iso, masu kama da shamuwa amma farare, suna kaɗa baki a kan wata tsohuwar majami'a da rufinta ya rushe. Baƙi suka fara dawowa, masu shayi suka fito da kujerunsu. Mastura ta zaga ko'ina da yaron a bayanta, ba lungun da ba ta shiga ba. Da furen ya fara zuba ta ce wa Zakiya yanzu kam ta gama, aka sa ta a jirgi.

Da azahar ta iso Mahjar, da buhun zaitun da kwalabe na inabin da aka dafa, da wani lallausan mayafin ulu da ta saya wa uwarta. Ƙofar ɗakin a rufe take da kwaɗo. Matar Abdulghaffar ta fito ta karɓi kayan tana sunkuyar da kai, ta aika a kira mijinta daga garejin da yake aiki.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji shi. Ya zauna a bakin tabarma, hannunsa duk baƙin mai. "Inna ta tafi. Jirginsu ya tashi bayan hajji da kamar sati uku."

"Ta tafi ina?"

"Inda ta ce za ta."

Mastura ta dube shi. "Kai kuma ka bar ta? Tsohuwa, ta hau teku da yaron da ba ta sani ba?"

"Na hana, ta ƙi. Ɗan Turai ya so su bi jirgin farko, ta ce a jira ki. Suka bar na biyu ma ya wuce. Alhazan Turkiyya da suka iso, sai da ta sa na kai ta masaukinsu, tana bin mata tana duba fuska. Da jirgin ƙarshe ya zo ɗan Turai ya ce in ba su hau ba takardarsa za ta mutu."

"Ta yi fushi da ni?"

Abdulghaffar ya girgiza kai. "Ni ne na yi fushi. A mina na fara magana a kanki, ta ce in yi shiru. Ta ce, ku ƙyale ta, tun tana yarinya take wa mutane bauta, ba ta taɓa hutawa ba. In ta sami inda ake ganin girmanta, ta sha iska."

Mastura ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta karɓi makulli ta buɗe ɗakin. An share shi tas, an naɗe tabarmarta an jingine, an rufe tulun ruwa da faifai don kada ƙura ta shiga.

Ta yi niyyar bin ta. Amma fita da sunan aikin gidan kafili daban, fita don kanta daban. Ita ba takardar Sudan gare ta ba, iƙamarta kuma, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa saboda daɗewar da ta yi a waje. Aka yi ta kai da kawo, yau a ce ta dawo gobe, gobe a ce sai bayan sallah. Mayafin ulun ta ba wani mai komawa ya kai. Kafin takardun su fito wani hajjin ya zagayo, mutanen Mai Wurno suka iso, a cikinsu har da wata maƙwabciyar Turai. Ita ta nemi gidan ta yi musu gaisuwa. Ta ce Barakatu ta isa lafiya, ta yi damina guda tare da ƙanwarta, kullum da yamma sai an kai ta bakin kogi ta zauna. Zazzaɓi ya kama ta da kaka, ba ta daɗe ba. Mastura ta tambaya ko mayafin ya isa. Matar ta ce ba ta sani ba.

Da takardun suka fito daga baya, ba ta yi amfani da su ba. Ta ce ba kabari take son gani ba.

Ta bar aikin gidan attajirin, ta koma jegon matan unguwa kaɗai. Tsakaninta da Abdulghaffar ba a yi faɗa ba, amma an ɗauki shekaru gaisuwa ce kawai ke haɗa su, sai da 'yarsa ta fari ta haihu a hannunta suka dawo hira. In mata suka tambaye ta labarin Turkiyya takan ce, "Gari ne mai ruwa," ta kama wata magana.

Bayan shekara huɗu Zakiya ta sake samun ciki, ta aiko a zo da Dada. Mastura ta ce a gaishe ta, ƙafafunta ba sa son tafiya yanzu. Ta zaɓi wata A'i, bazawara mai ƙwazo da ta daɗe tana taya ta aiki, ta koya mata abin da ya rage, ta haɗa mata kanwa da kayan yaji. A'i ta tafi lokacin sanyi, ta yi arba'in ɗinta cif ta dawo. Mata suka taru a tsakar gidan Abdulghaffar jin labari.

"Wallahi ban ga abin da ake faɗa ba," in ji A'i. "Ƙauye ne, ga laka, ga sanyi har ƙashi. Duwatsu ne rusassu da wani ruwa baƙi. Ni kam kwana nake ƙirgawa."

Mastura na gefe tana tsince shinkafa. Ta ajiye tiren.

"Ba ki zauna ba ne," ta ce. "Ba ki ga inabi ba, ba ki ga zaitun ba. Ba ki ga ranar da gonaki ke fure ba. Duk ƙasar Allah ban ga wuri kamarsa ba, kuma ban taɓa jin daɗi irin na shekarar nan ba. Ke dai kin yi daidai da kika dawo."

Ta ɗauki tirenta ta shiga ɗaki.

Ta yi shekaru bayan haka tana aikinta, har gwiwoyi suka hana ta ɗaga tukunyar wanka, A'i ta gaje ta. Ta rasu a Mahjar, a ɗakin nan dai, aka binne ta a Jidda. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki gawarta ita ta yi musu wankan farko.